Tsakuwa Daga Wurin Aikin Gada

Ana dab da kiran magariba, Injiniya yana zaune a tsakar gida yana cire takalmin aiki, sai tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi. Ta gangaro a hankali, ta dira kusa da ƙafarsa. Ya ɗauka ya jujjuya ta. Irin fasasshen dutsen da suke kwaɓa kankare da shi ne a wurin aikin gada, kuma jiƙe take sharkaf, alhali rabon garin da ruwan sama tun bara.

Shi ke riƙe da aikin gadar tun daga zane. Ginshiƙai biyu na gefe sun tashi, saura na tsakiya, wanda za a haƙa raminsa a gurbin wani tsohon tafki a cikin rafin. Ya tsara komai a kan a zuba kankarensa kafin damina, domin in rafin ya kawo, mutanen ƙetare ba su ba asibiti, ba su ba kasuwa. Sai yayan matarsa, wanda yara ke kira Kawu, kuma shi ke tuƙa motar haƙa, ya ce ba zai taɓa tafkin ba. Wai duk sanda ya sa bakin motar a wurin sai ta mutu, gara a ɗan saurara. Injiniya ya sallame shi a gaban leburori, ya ɗauko wani direban.

Don haka da jifan ya zama na kullum, bai yi dogon tunani ba. Kawu ne, ko wanda Kawu ya turo. Ya hau katanga ya leƙa lungu, babu kowa, tsakuwa kuwa na sauka a bayansa. Ya fara kallon matarsa ta wutsiyar ido. In ta ɗauki waya sai ya kasa kunne.

"Wa ke gaya masa lokacin da nake dawowa?" ya tambaye ta wata rana.

Ta ajiye ludayi ta dube shi. "Yayan nawa kake nufi? Ka ji tsoron Allah."

Sai abin ya koma kan Auta, 'yarsu ƙarama. Da rana lafiya ƙalau. Rana na faɗuwa sai ta je ta tsuguna a gindin tankin ruwa ta yi shiru, gashinta na ɗiga, ba wanda ya ga ta jiƙa shi. Ran da uwar ta kama hannunta, yarinyar ta ɗago kai ta yi magana da muryar tsoho mai gargada.

"Sake ni. Maigidanki nake jira."

Malamin da aka kira dattijo ne mai maganar ƙasa-ƙasa. Bayan magariba ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya zauna gaban Auta yana karatu. Gidan ya yi tsit, har ana jin ɗigar tankin. Can yarinyar ta fara rawar jiki.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai tafki. Wancan mai farar hular ƙarfen, uban yarinyar nan, ya tone min ɗaki. 'Ya'yana na kwana a fili."

"Yarinyar ce ta tone?"

Muryar ta yi dariya. "A yanka min baƙin rago a bakin ramin, in tafi."

"Ba a yanka sai don Allah. Ko kaza ba za ka samu ba."

Idon Auta ya juyo kan mahaifinta, ya tsaya. "To, ka sani, surukinka ne ya aiko ni."

Injiniya ya zabura. Abin da yake jiran ji ke nan, har wani daɗi mai ɗaci ya ratsa shi. Malam ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwaya ba.

"Faɗi sunan surukin."

Malam ya ci gaba da karatu, muryar ta koma kuka.

"Ban san shi ba! A ƙirjin uban yarinyar na tsinci zarginsa."

Matar ta rufe fuska da mayafi. Injiniya ya kasa ɗaga ido.

Daga nan aka shiga ciniki. Mai tafki ya ce a ɗauke gadar gaba ɗaya, Malam ya ce hanyar bayin Allah ce, ba inda za ta. Ya ce to a ba shi shekara. Aka ƙi. A ƙarshe ya roƙi a bar ramin har tsayuwar sabon wata, ya kwashe iyalinsa ya yi gaba.

Malam ya juyo. "Injiniya, aikinka zai ɗauka?"

Injiniya ya auna abin a ransa. In ya mai da ma'aikata kan cikon hanyar gefe da ɗaurin rodi, ba za su zauna banza ba. Amma in damina ta yi sammako, ramin zai cika, aikin shekara ya tafi, mutuncinsa ma ya bi. Ya dubi ƙafafun 'yarsa da suka yi fari don sanyi.

"Zai ɗauka," ya ce.

Malam ya sa aljanin ya rantse. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta, ta ce tana jin yunwa.

Wata ya tsaya, aka koma haƙa, mota ba ta mutu ba. Kankare ya kama kafin hadarin farko ya haɗo.

Da yammacin wata Juma'a Injiniya ya je gidan Kawu. Ya tsaya a ƙofa ya faɗi komai, har zargin da ya yi masa, ya ce motar na jiransa. Kawu ya saurare shi har ƙarshe, hannu a kan ƙyaure.

"Yaya jikin Auta?"

"Ta warke."

"Alhamdulillahi. Ka gaida ƙanwata."

Bai ce masa ya shigo ba.