Amparo Ta Ƙwanƙwasa

Da yammacin wata Juma'a na ɗauko kakana Wendell daga wajen likitan ido. Hanyarmu ta gida dole ta bi mahaɗar manyan titunan gabashin Los Angeles, inda gadoji suka hau kan juna. Muna kan ta can sama cunkoso ya tsayar da mu. Rana ta yi ja. Warin hayaƙi da na birki ya cika motar.

"Ni na share wajen nan," in ji Kaka, yana nuni da haɓa. Da ƙuruciyarsa katafila yake tuƙawa. "A da unguwa guda ce a ƙasa. Wata tsohuwa, Amparo, ta ƙi fita daga gidanta. Na ce bari in ɗan taɓa bangon don ta tsorata."

"Ta fita?"

"Ke dai ja motarki, sarkin tambaya."

"In ja ta ina, tsoho? Ta kanka?"

Bai yi dariya ba. Hanci yake buɗawa. Ni ma na ji: ƙamshin masara a kan wuta, da wake mai barkono. Sai ƙurar siminti.

Ƙugin motoci ya ɗauke ɗif. Direbobi suna nan a zaune, amma ko ƙifta ido ba mai yi.

Aka ƙwanƙwasa gilashin gefensa. A hankali, kamar baƙo mai ladabi.

Ta gefen nan babu wajen tsayawa. Shingen kankare ne, bayansa sarari.

"Darlene," ya ce cikin raɗa, "kulle ƙofa."

A kulle take.

Wata 'yar tsohuwa ce a bayan gilashin, gashinta fari fat da ƙura, ludayi a hannunta. Kafaɗarta ɗaya ta lotsa.

"Wendell," ta ce. "Ka ga ni sai da na ƙwanƙwasa."

Rufin motar ya yi ƙara. Ya fara saukowa.

Gilashin gaba ya tsage. Ƙarfe ya taɓa kaina. Na ja hannun Kaka, na ji shi kamar an dasa.

"Ban san kina ciki ba," ya ce.

"Ka gan ni ta taga. Har hannu ka ɗaga min."

Ta dube ni. Ƙofata ta buɗe da kanta.

"Fita, 'yata. Ni nakan bar mutum ya fita."

Na faɗo kan kwalta da rarrafe.

A bayana ƙarfe ya haɗu da ƙarfe.

Nan take hayaniya ta dawo. Sai da 'yan kwana-kwana suka yanka motar kafin su zaro shi. Ba wanda ya buge mu, ba abin da ya faɗo mana.

Kaka bai mutu ba. Amma a asibiti silin ɗakinsa ya tsage, a gidanmu ma haka. Duk inda muka shigar da shi, sai farin garin siminti ya fara zubo masa a fuska.

Yanzu a bayan gida yake kwana, a fili, ko ana ruwa.