Shari'ar Baba Direba a Ajin Laraba

Ranar Laraba, ana idar da sallar magariba, Baba Direba ya ɗauki ledarsa mai littafi da biro biyu, ya zura takalmi, ya leƙa madafa ya ce wa matarsa ya tafi makaranta.

"A dawo lafiya, ɗalibi," in ji ta tana dariya. "Ban da tsayawa wasa a hanya."

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan babbar mota, kafin ido da ƙugu su ce masa ya isa haka. Autarsa, mai aikin jinya, ita ta rubuta sunansa a makarantar manya ta yamma, don ta gaji da ganinsa a ƙofar gida yana gyara wa duk motar da ta wuce tuƙi da baki. A ginin wata firamare ake karatun, bayan yara sun tashi. Litinin rubutu, Talata siyasa, Laraba shari'a, Alhamis zane, Asabar addini. Da ƙunƙuni ya fara zuwa, amma kafin wata uku shi ke riga kowa isa, har ya san bencin da ba ya girgiɗi.

Ajin Laraba ya fi so. Malamar lauya ce, yarinya ƙarama da ba ta wuce sa'ar autarsa ba, amma in ta ɗaga gira sai ka ga dattawa sun nutsu. A makon jiya ta ce yau za su kwaikwayi zaman kotu: a naɗa alƙali, a fitar da mai ƙara, a tsayar da wanda ake tuhuma. Mai walda, abokin zamansa a benci, ya yi caraf ya ce, "Wanda ake tuhuma ai ga shi nan. Direba ba ya rasa laifi." Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi.

Yana cikin tafiya wayarsa ta yi ƙara. Saƙo ne, dogo, da ƙananan baƙaƙe. Ya miƙar da hannu, ya ƙanƙance ido, ya haɗa baƙi uku ya gaji. Ya mayar aljihu, ya ce in ya isa mai walda ya karanta masa.

Ƙofar makarantar a buɗe take. Ga tabarmar maigadi da butarsa, ga rediyonsa yana shuu shi kaɗai, shi kuwa ba ya nan. A filin da ake jera kekuna da babura babu ko ɗaya. Baba Direba ya ɗan tsaya. An ɗauke wuta, duk azuzuwan sun yi duhu, sai na ƙarshe can ƙurya, nasu. Wani haske ja-ja na fitowa ta tagoginsa.

"Sun fara ba ni," ya ce a ransa, ya ƙara sauri.

Ya yi sallama a bakin ƙofa. Aka amsa masa gaba ɗaya, ƙasa-ƙasa, kamar murya ɗaya ce aka raba wa mutum talatin.

Ajin cike yake. Kowa ya fuskanci allo, babu wanda ya waiwayo. Ya ratsa ya zauna a wurinsa. Bencinan na yara ne, kullum in manya suka zauna sai ƙiƙi-ƙaƙa da tari da gyaran murya. Yau ko motsin takarda babu. Ya waiga neman fitilar da ke ba da hasken, bai gan ta ba.

Mai walda na gefensa, da rigarsa mai ɓulallen ƙuna a hannu. Sai dai ba warin ƙarfe da ya saba ji a jikinsa. Sanyi kawai ke fitowa daga gare shi, irin na randa.

Ya zungure shi da gwiwar hannu, ya raɗa, "Kai, duba mini saƙon nan."

Bai juyo ba.

Malama na zaune bayan tebur, kanta a sunkuye, mayafinta ya sauko har haɓa. Ta buga tebur da magogin allo sau ɗaya.

"Wanda ake tuhuma ya fito."

Muryarta ce, ba ko shakka. Baba Direba ya yi 'yar dariya, ya miƙe, ya je gaban allo ya tsaya ya harɗe hannu a baya kamar yadda ta koya musu. Ƙofar ta rufe a hankali. Ya ji ƙaras daga waje, kamar an danna kwaɗo.

"Shekara ashirin da uku da suka wuce," in ji ta, "ranar Lahadi, da almuru, ana yayyafi. Ka ɗauko siminti. Gadar nan ta bayan babbar kwana."

Dariyar ta bushe a bakinsa.

Babu mahaluƙin da ya taɓa gaya wa. Ko matarsa. Shi kaɗai ne a motar ran nan. Ya sha kwana ke nan ya ga yarinya tsaye a tsakiyar gada, da riga ruwan ɗorawa da bokitin ƙarfe a hannu. Ya taka birki har ƙasa. Motar da lodi ba ta ji. Ya ji dum a gaba. Da ta tsaya ya diro da tocila, ya haska ƙarƙashin mota, ya haska tayoyi, ba kowa. Bokitin kaɗai ke gangarawa bakin titi. Sai ya ji kuka daga ƙarƙashin gadar. Ba gari a kusa, ba hayaƙi, ba ko ɗan haske. Ya tsaya yana lissafi: in 'yar mutum ce, danginta suka fito za su ƙone shi da motar, in ba 'yar mutum ba ce, to me zai sauka ya tarar? Ya hau mota ya ja. Ya yi ta ba ta wuta har ƙarar injin ta danne kukan.

"Ka aikata, ko ba ka aikata ba?"

Ya laluɓo abin da ya koya a wata uku, kamar mai laluɓen igiya a rijiya.

"Ina da... ina da 'yancin a ba ni lauya."

"Duba ajin. Zaɓi wanda zai tsaya maka."

Sai suka ɗago gaba ɗaya.

Rigunan na 'yan ajinsu ne. Ga hular mai gyaran agogo, ga gyalen mai kitso, ga rigar mai walda. Amma fuskokin a shafe suke, sumul, kamar allon da aka goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ba ido, ba hanci, ba baki. Kuma duk da haka kallonsa suke yi.

Ya buɗe baki zai karanta Ayatul Kursiyyu, wadda tun yana ɗan shekara bakwai bai taɓa tuntuɓe a cikinta ba. Ya kai tsakiya ta ɓace masa. Ya koma farko. Ta sake ɓacewa a wuri ɗaya.

"Ba a... ba a hukunta mutum sai da shaida," ya ce.

"A shigo da shaida."

Warin ya fara zuwa. Ƙonanniyar taya. Man dizal. Jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Daga nan sai sauti, can ƙarshen baranda. Bokitin ƙarfe na gangarowa a kan siminti. Garan. Garan. Garan. Ya wuce aji na ɗaya, ya wuce na biyu. Ya zo bakin ƙofarsu ya tsaya.

Ruwa ya fara ɗiga daga rufi. Ɗis. Ɗis.

Sai kukan ya tashi, daga ƙarƙashin bencin farko, taku biyu daga inda yake tsaye. Siriri, mai shessheƙa, na yaron da ya gaji amma ciwo ya hana shi yin shiru. Shi ne. Bai canja ba ko kaɗan.

A bencin ƙarshe wata ta miƙe. Ta yi ta miƙewa har kanta ya taɓo rufi, ta ranƙwafo. Ita ma ba fuska. Maganarta a kunnensa ya ji ta, da hucin sanyi, kamar tana tsaye a kafaɗarsa.

"Ba bugewar muka zo tambaya ba. Hanya ce, tsautsayi ne."

Ya kasa ko ƙifta ido.

"Ta kira ka. Ka ji?"

"Na ji," ya raɗa.

"'Yata ce. Ina nesa a lokacin. Kwana uku tana kira kafin in iso. Kai ne kaɗai ka ji ta."

"Tsoro na ji, baiwar Allah. Ina da yara ƙanana a lokacin. Ku yi mini rai."

"Ita ma ƙarama ce."

Hawaye suka zubo masa har gemu. Ya nemi wata doka, wata kalma, wani abu daga littafinsa. Babu abin da ya rage.

Magogin allo ya bugi tebur.

"Za ka zauna da ita har ta yi shiru."

Wani ɗan hannu ya fito daga ƙarƙashin bencin. Jiƙe, da laka a farata. Ya kama idon sawunsa na dama.

Ya ja.

Baba Direba ya faɗi da baya. Ƙarƙashin bencin ba daɓe ba ne. Rami ne, da ƙarar ruwa mai gudu, da sanyin kankaren gada.

Ƙafarsa ta shige har gwiwa.

Ya rarumi ƙafar tebur. Ta suɓuce.

Har cinya.

Ya kafa farata a siminti. Suka karye.

Har ƙugu. Ruwan ya daskarar da shi. Kukan yanzu a jikinsa yake, dab da cikinsa.

Sai a lokacin muryarsa ta kuɓuce. Ya ƙwala salati da duk abin da ya rage a ƙirjinsa, ya sake, ya sake.

Aka jijjiga ƙofa. Makullai suka yi ƙara. Hasken tocila fari tas ya faɗo cikin ajin, wasu hannuwa masu ɗumi suka kama shi ta hammata suka fizge shi baya.

"Baba! Baba Direba! Innalillahi, ta ina ka shigo?"

Maigadi ne, dawowarsa ke nan daga masallaci. Ya haska ko'ina. Bencina ne kawai a jere, ba kowa a kansu. Allo da lissafin yara na safe. Ƙarƙashin bencin farko busasshen daɓe ne da ɓawon fensir.

"Ni na kulle ajin nan da hannuna tun la'asar," in ji maigadi. "Ba ka ga saƙo ba? Malama ba ta da lafiya, an ɗage karatun yau."

Ya sauke hasken kan Baba Direba, sai ya ja da baya. Daga ƙugu zuwa ƙasa wandonsa sharkaf yake da laka, ga shi an fi wata ba a ga ɗigon ruwan sama ba. A idon sawunsa shatin yatsu huɗu ne, ƙanana.

A baya maigadi ya goya shi har gida.

Ƙafar daman ba ta sake komawa daidai ba, jan ta yake yi. Autarsa ta kai shi asibitin da take aiki, aka ɗauki hoto, aka gwada jini, likita ya ce bai ga komai ba. A daren da suka dawo ya zaunar da ita da uwarta ya faɗa musu abin da ya ɓoye shekara ashirin da uku. Matarsa ta tashi ta ɗauko man zafi ta shafa masa a ƙafar.

Da Malama lauya ta warke ta zo duba shi. Ya ce mata, "'Yata, koya mini yadda mutum ke kai ƙarar kansa." Ta saurare shi har ƙarshe, ba ta yi masa kallon mai taɓin hankali ba. Ita ta ɗauke shi a motarta har gadar. Suka je ofishin 'yan sanda mafi kusa, aka kakkaɓe tsofaffin takardu. Suka bi ƙauyuka huɗu suna tambayar tsofaffi. Babu gidan da ya rasa yarinya a shekarar, babu gawar da aka tsinta.

A hanyar dawowa ta ce, "Baba, ba mai ƙara, ba gawa. Doka ba ta da inda za ta kama ka."

"Da ta kama ni, da na huta," in ji shi.

Malamin ajin addini ya ce ya yawaita istigfari da sadaka, ya rubuta masa addu'o'i da manyan baƙaƙe yadda zai iya karantawa. Yana yi, safe da yamma. Makaranta kuwa bai sake takawa ba, ko da mai walda ya zo har sau uku yana lallashi.

Amma kullum rana ta faɗi, da ya sallame magariba, kukan yakan taso daga ƙarƙashin gadonsa. Sun canja gado, sun canja ɗaki, sun je gidan ɗansa sun yi mako biyu. Duk inda ya kwana, kukan na biye da shi. Daga baya ya daina gudu. Yakan sauko ƙasa ya jingina da gadon, ya miƙe ƙafar da ta mutu, ya yi ta faɗa a hankali, "Ina nan. Ban tafi ba. Ga ni nan." Har a kira isha'i, sannan kukan ya lafa.

Mutanen gidan ba sa jin komai sai muryarsa. Matarsa takan ja masa ƙofa, ta kori jikoki zuwa tsakar gida.

Wata maraice, cikin shekara ta biyu, ta shigo da kofin ruwa ta ajiye kusa da shi. Ta juya za ta fita, sai ta tsaya cak riƙe da labule. Ta karkata kunne wajen gadon. Sannan ta dawo a hankali, ta zauna a ƙasa gefensa, ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta.

"Maigida," ta raɗa, ba ta dube shi ba. "Yau muryarta ta dushe."