Ƙarfen da Ya Ƙera wa Hannuna

“Sake ɗagawa in gani.”

Na ɗaga kyamarar, hoton ya shiga rawa kamar ruwa a kwano. Mai Gyara bai dubi fuskata ba, hannuna kawai yake kallo. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Shekara guda ke nan rabona da shagonsa na gyaran kyamara da waya, kuma ba don aminiyata Gajera ba, da ban tako ba. Saura kwana tara bikinta, ta rantse ba mai ɗaukar bidiyon sai ni, alhali ta fi kowa sanin hannuna na rawa tun ina ƙarama. Hoto ina iyawa, in na jingina da bango. Amma bin amarya da kyamara cikin taro sai da abin riƙewa, kuma duk kasuwar shi kaɗai ke sayar da na hannu.

Ya jera mini guda uku a kan teburin gilashi. Mai inji, wanda ake yi wa caji, shi ne gwani, amma da ya faɗi kuɗin sai na mayar da shi a hankali. Mai ƙafa uku da araha, sai dai a cewarsa amarya ba za ta tsaya ta jira ni in kafa shi ba. Mai ƙafa ɗaya kuwa na gwada, rawar ta ragu amma ba ta daina ba.

Yana bayani kamar bai taɓa ce mini “Zuciyata” ba. Abin ya yi mini ciwo, ko da yake ni na jawo.

Da ma Yaya bai so shi ba, wai me mai kwance kusoshin kyamara zai ciyar da ni? Na jure wannan. Abin da ban jure ba shi ne ranar da ’yar gwaggona ta zo tana sharar ƙwalla, ta ce ya tare ta yana tambayar yadda nake riƙe kofi, yana kwaikwayon hannuna yana dariya. Ban tambaye shi ba. Na rufe lambarsa, ita kuma ta shiga kai masa wayarta gyara duk mako, wayar da lafiyarta ƙalau.

“Ba ni mai ƙafa ɗayan,” na ce. “Da babu gara ba daɗi.”

Sai ya durƙusa ya jawo wani abu daga ƙarƙashin teburin, naɗe da tsohon tawul.

Ƙarfe ne mara kyan gani, da alamun walda a jikinsa. Sama wurin ɗaura kyamara, ƙasa dunƙule-dunƙulen ƙarfe a jere don nauyi, ga maɗauri mai laushi. Ya ce in miƙo hannu. Ya ɗaura a damtsena, nauyin duk ya bar yatsuna ya koma can. Maɗaurin ya zauna cif, ko gyarawa bai yi ba.

“Taka. Ki ɗan lanƙwasa gwiwa, dunduniya ta fara sauka.”

Na taka daga teburin zuwa ƙofa. Hoton ya tafi sumul.

“Wa ka yi wa wannan?”

“Mutum nawa na sani mai irin kyamararki?” Ya ci gaba da goge teburin da ba ƙura. “Bara na yi shi. Na so in ba ki ba zato, shi ya sa na tambayi ’yar’uwarki yadda kike riƙe abu, da wane yatsa ya fi rawa. Na nuna mata da hannuna don ta gane...”

Idona ya cika. Shekara guda ina gaba da mutum a kan ya auna hannuna.

“Me ya hana ka faɗa?”

“Ta ina, Zuciyata? Kin rufe ƙofa, kin tafi da makulli.”

Na ba shi haƙuri, bakina na rawa fiye da hannuna. Ya ce ya yafe tun tuni, amma dawowa sai ya yi tunani, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ce bikin ƙarfe huɗu ne, na ajiye masa kati a gefen tawul ɗin.

Ranar bikin na bi Gajera tun daga mota har kujerarta, gwiwa a lanƙwashe, ƙawaye na tsokanata wai ina sanɗar kaza. Ban kula su ba. Duk juyin da zan yi, sai na saci kallon ƙofar zauren. Huɗu ta wuce, biyar ta wuce, na ce shi ke nan, na yi wa kaina.

Ina ɗaukar mahaifiyar amarya tana share hawaye, na juya a hankali, sai ga shi cikin gilashin kyamarar, tsaye a bakin ƙofa, yana gaisawa da Yaya hannu biyu. Yaya bai saki hannun da wuri ba.

Bidiyon awa biyu ne, ko’ina lafiya lau, sai daƙiƙa shida a daidai wurin nan da hoton ya girgiza kamar an bangaje ni. Na so in yanke, Gajera ta ce in na taɓa ba ni ba ita.

Wata bakwai bayan nan, daƙiƙa shidan nan ta sa aka haska a bango ranar bikinmu, ni da Mai Gyara.