Saniyar da Ta Rage

"Wa ya ba shi nono?!"

Zulaihat na tsaye a tsakar gida, riƙe da ɗanta Muntaka, ɗan shekara uku, yana ta kakari, yawu na dalala a rigarsa. Lomar tuwo ce ta sake maƙale masa. Da ƙyar ya amayo ta.

Mijinta Mannir ya jingine babur da sauri. "Zulai, sassauta murya, Inna na ji..."

"Ta ji mana! Yaya, a gabanka likitan Katsina ya zura masa na'ura a maƙoshi, ya nuna mana hanyar abincinsa ta kumbura ta tsuke. Ya ce jikinsa ba ya shiri da nonon shanu, a raba shi da shi kwata-kwata. Ko ni kaɗai ce mai kunne?"

Inna Tasalla, surukarta, ta ɗaga labule. "Ni ke ba shi, kullum da safe. Jikan makiyayi a ce nono ne ciwonsa? Beli ne, a kira wanzami ya cire."

"Wallahi aska ba za ta taɓa ɗana ba!"

"Zulaihat!" Mannir ya daka mata tsawa. "Uwata ce fa!"

"Ni kuma uwarsa ce!"

Ta goya yaron a baya, ta fizgi mayafi. "Gidanmu za ni, Safana. Ka zauna kai da kunyarka."

"A wannan hanyar, da yamma haka? Kin san abin da ke cikin dajin nan!" Mannir ya tare ƙofa. "Haba farin cikina, in kin fita da wa zan zauna?"

"To buɗe baki ka yi magana! Ni kaɗai kullum nake zama marar kunya a gidan nan."

Mannir ya saki ƙofar. Sannan ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Inna, ban taɓa ce miki a'a ba. Yau ki yafe mini... kar a ƙara ba shi."

Tsohuwar ta kalli saniyar da ke ɗaure a gindin darbejiya, ɗan maraƙinta a ɗaure gefe.

"Ɓarayin daji sun kore mana garke a ƙauyenmu Babban Duhu, sun ƙone rumbu. Saniyar nan kaɗai na jawo zuwa nan Batsari. In ban ba jikana nono ba, me ya rage in ba shi?"

Zuciyar Zulaihat ba ta huce ba, amma ta kwance goyon, ta ɗora mata yaron a cinya.

"Inna, shafa haƙarƙarinsa ki ji."

Ta shafa. Hannunta ya tsaya cak. Muntaka ya nuna ƙirjinsa da ɗan yatsa. "Inna, zafi..."

 Inna ta miƙa shi ga uwarsa, ta kife ƙwaryar tatsa, ta je ta kwance ɗan maraƙin. Ya ruga wurin saniyar, ya kama tsotso.

"Sha abinka duka," in ji ta, tana share ido da gefen zane. Ba ta juyo ba ta ce, "Ke kuma, sarkin faɗa, ajiye mayafin nan ki zo ki nuna mini kunun da likitan naki ya yarda da shi."