Suna na Tara a Rajistar Malam Ubale

Kankana ɗari uku. Kuɓewa buhu goma sha biyu. Gawayi buhu takwas. Awaki biyu a ɗaure. Jakar fata ɗaya. Mutum ɗaya, matacce.

Abin da kurtu ya rubuta ke nan bayan ya ɗaga tamfol ɗin wata motar kaya a shingen Kilo Sha Huɗu, bakin shiga Jidda, wata safiyar Talata a bazarar 1968. Motar ta taso daga Bir Hamda, wata gona can cikin kwari, za ta kasuwar Bab Makka.

Sufeto Abdulghaffar ya iso kafin rana ta yi zafi. Haifaffen unguwar Karantina ne a Jidda, kuma shi kaɗai ke jin Hausa a ofishinsu, don haka duk gawar Batakare, wato mutumin Afirka ta Yamma, tasa ce.

An fasa wa mamacin ƙeya. A jakar akwai alli, littafin lissafi na aji biyu, da wasiƙa daga ofishin ilimi. Wasiƙar ta ce idan malamin Bir Hamda ya kawo rajistar yara aƙalla ashirin da biyar, kowa da sunan ubansa, kafin ƙarshen wata, za a gina ajujuwa biyu a turo malami da kujeru.

Babu rajista a jakar.

Direban, wani Bahaushen Sudan mai suna Bello, yana tsugune a inuwar taya.

"Wane ne wannan?" Sufeto ya tambaye shi.

"Malam Ubale ne, ya sidi. Malamin yaran gona."

"Mutum nawa ka ɗauka a baya?"

"Shi kaɗai, wallahi."

"Ka tsaya a hanya?"

"Ban tsaya ba."

"To, malamin nan gwani ne. Ya fasa ƙeyarsa, ya kwanta, ya ja tamfol ya rufe kansa, sannan ya fito ya ɗaure igiyar ta waje."

Bello ya share gumi. "Na tsaya sallar asuba a wata gahawa, rumfar shayi a bakin hanya. Akwai wanda ya hau a bakin gona, ya naɗe fuska. Da na idar ba ya nan. Na ga tamfol a ɗaure, na ce malam barci yake."

"Ba ka gane shi ba?"

"Ina da 'ya'ya shida, ya sidi."

"Halas, shi ke nan. Za su jira ka." Ya sa aka kulle shi.

Matar mamacin, Sauda, tana zaune a Karantina, a ɗakin da aka yi da gwangwanayen kananzir. Ba ta yi kuka ba. Ta ce mijinta ya yi karatun koyarwa a Sudan, kuma shekara biyu ke nan yana koyar da yaran 'yan ƙwadago a ƙarƙashin rumfar kaba. Daga Bir Hamda zuwa makaranta mafi kusa tafiyar yini ce a ƙafa.

"Yana da abokin gaba?"

"Duk wanda ke son yaro a gona maimakon aji."

"Ban ce ki yi mini wa'azi ba, 'yar'uwa. Suna nake so."

"Bai ba ni suna ba. Ya dai ce wani uba ya zo masa sau biyu da dare a kan ya goge 'yarsa daga rajista, ko ya canza sunan uban. Ya ƙi. Ya ce sunan da ya rubuta shi zai bi yarinyar har takardar shaidarta, ba zai rubuta mata uban ƙarya ba."

"Rajistar ta ɓata."

Ta ɗaga tabarma ta zaro wani littafi. "Rubutunsa ba kyau. Ni nake kwafe masa. Wannan ce ta asali."

Ya miƙa hannu. Ba ta saki ba.

"Yara talatin da ɗaya," ta ce. "Iyayen da ke da iƙama, takardar izinin zama, ba su kai biyar ba. Hajji suka zo suka maƙale. Ofishin ilimi ba ya tambayar takarda, shi ya sa suka yarda aka rubuta su. Ku kuwa kuna tambaya."

"Ni mai kisa nake nema."

"To inda littafin nan ya je, nan za ni."

Washegari suka yi awa uku a jif, shi da ita da kurtu biyu. Bir Hamda rijiya ce ɗaya, bukkoki kamar arba'in, da gonar wani attajiri da ba ya zuwa. Da ganin kaki, maza suka fara sulalewa cikin kuɓewa. Wakilin gona ya daka musu tsawa suka dawo.

Sunansa Saleh. Dogo, mai tsabta, da bulalar roba a hamata. Ya miƙa iƙamarsa tun ba a tambaya ba. Takardar ta ce shi gwauro ne, ba mata, ba ɗa, ya shigo ƙasar shekara takwas da suka wuce.

"Ahlan, ya mufattish," ya ce da Larabci, wato maraba da Sufeto. "Rashin malam ya girgiza mu. Mutumin kirki, sai dai taurin kai. Na sha gaya masa jaki ba ya karatu."

"Ina kake da asubahin Talata?"

"A bakin rijiya, ina raba ruwa. Ka tambaye su."

Sufeto ya tambaye su. Mutum tara, baki ɗaya: a bakin rijiya. Kowa yana magana yana kallon bulalar.

Ya buɗe rajistar ya bi sunayen iyaye. Duk ya ga masu su a tsaye gabansa, in ban da ɗaya. Lamba ta tara: Larai Adamu, shekara goma sha ɗaya. Uba: yana raye, yana gona.

"Wane ne Adamu?"

"Ba mu da Adamu," in ji Saleh. "Ya mutu a hanyar Hajji tun yarinyar tana goye. Marainiya ce. Kuskuren malam ne."

Uwar yarinyar, Sharifa, ta ce haka ne, kanta a ƙasa. Yarinyar ma ta ce haka ne.

Sufeto ya sa aka tara yaran a rumfar makaranta. Ya miƙa wa Saleh littafin. "Kai ka san su. Kira su ɗaya bayan ɗaya in ga fuskokinsu."

Saleh ya karanta da ƙarfi, kamar mai kiran 'yan ƙwadago. Mastura Isa. Na'ibi Haruna. Fatsuma Haruna. Kowa ya amsa ya koma gefe. Da ya zo ta tara sai ya ɗaga haɓa ya ce, "Ke, wuce can." Ya ci gaba da ta goma.

"Na ɓata lissafi," in ji Sufeto. "Sake daga farko."

Ya sake. Suna takwas, sannan, "Ke, yalla." Sannan na goma.

Wata tsohuwa da ke tsaye a bakin rumfa, Dela mai dafa wa ma'aikata abinci, ta juya za ta tafi.

"Tsaya, Inna," Sufeto ya ce. "Na ga kin gane abin da na gane." Ya juya ga Saleh. "Mahaifiyata ta yi shekara arba'in a Jidda. Larabci ya kama bakinta, tuwo ya bar gidanta. Amma har ta mutu ba ta taɓa kiran sunana ba, don ni ne ɗan fari. Ubana ma sai dai ya ce kai. Ka kira suna talatin sau biyu, wakili. Me ya hana ka na marainiya?"

"Mantuwa ce."

"Sau biyu? A wuri ɗaya? To ga shi a rubuce. Karanta."

Saleh ya dubi littafin. Ya buɗe baki. Da ƙyar ya ce, "Larai," kuma muryar ba ta wakili ba ce. Yarinyar ta ɗago kai a firgice, kamar an kira ta daga kabari.

"Shekara goma sha ɗaya," in ji Dela, "yau ta fara ji daga bakinsa."

"Rufe mini baki, tsohuwar banza!"

"Na rufe shekara bakwai, Adamu. Ni na wanke likkafanin Saleh na gaskiya." Ta dubi Sufeto. "Zazzaɓi ya kashe shi, ɗan nan. Wannan ya ɗauke takardarsa ya liƙa hotonsa, aka binne bawan Allah bayan rijiya ba suna. Takardar ta ce gwauro, sai ya kori matarsa da 'yarsa zuwa bukkar ƙarshe, ya ce su ce ya mutu. Ranar da yarinyar ta yi suɓul da baka ta ce masa Baba, ka duba bayanta ka gani."

Kurtu suka shiga ɗakin wakili. A cikin murhu suka tono bangon rajista, rabi a ƙone.

Adamu ya zauna a kan bencin yara. Bulalar ta faɗi, bai ɗauka ba.

"Na roƙe shi," ya ce. "Layi ɗaya. Na ce ya rubuta uba ya rasu, halas. Ya ce ya tambayi yarinya sunan ubanta a ranar farko, ta faɗa, ta nuna ni da yatsa. Ya ce ita ce ta fi kowa a ajin, za ta kai makarantar Jidda, za a nemi uba ya sa hannu. In malamin gwamnati ya zo yana neman Adamu, ni na ƙare. Na hau motar don in sake roƙonsa. Ya yi mini dariya, ya ce, Adamu, 'yarka ta fi ka jarunta. Akwai ƙarfen taya kusa da ni."

"Bello ya san kai ne?"

"Ni na samo masa kafili, ubangidan da ya tsaya masa ya samu iƙama."

Aka sa masa ankwa. Da aka wuce da shi ta gaban Sharifa da yarinyar, bai dube su ba. Ya ce wa Sufeto, "Da 'yar nan ta yi shiru da malam na nan da ransa."

Yarinyar ta ji.

A bakin jif Sauda ta miƙa hannu. "Ka samu mai kisanka. Ba ni littafina. Saura kwana tara wata ya ƙare, zan kai shi ofishin ilimi da kaina."

"Shaida ce. Ba ita, ba dalilin kisa, alƙali zai sake shi ya dawo wa waɗannan da bulalarsa."

"In ta shiga fayil, 'yan jawazat na shige da fice za su karanta. Gida ashirin da wani abu, da sunayensu da inda suke. Za a loda su a jirgi."

"Na sani."

"Don makarantar nan ya mutu."

"Na sani, 'yar'uwa."

Yaran suna tsaye a rumfa yadda aka jera su, ba wanda ya ce su watse. Sufeto ya tura Adamu bayan jif, ya buga ƙofa, ya sa sakata.

"Ranar Asabar zan sa ta a fayil," ya ce wa Sauda. "Ki gaya musu suna da kwana uku su bar nan."