Kwano Biyu a Ho Chi Minh

"Ni ina nan gida a unguwar Setapak a kulle da cikin wata takwas, kai kana can kana yawon buɗe ido! Ka kira ni mana, Abdulbasit..."

Saƙon murya na huɗu ke nan da Hureira ta tura wa mijinta tun safe. Sarin takalma ya kai shi birnin Ho Chi Minh na ƙasar Biyetnam, korona ta sa aka rufe iyakoki, ya maƙale a can. Kwana tara rabonta da jin muryarsa. Sai dai hoto ɗaya kullum da azahar: yau kasuwa, gobe bakin kogi, jibi kwanon miyar taliyar nan mai romon naman sa da suka sha tare a can lokacin amarcinsu.

Kishin miya ma ta fara yi, abin dariya.

Hoton yau ya shigo. Titi fayau, shaguna a rufe, teburi ɗaya da kwano biyu, ɗaya an shanye, ɗaya yana tururi.

Ta koma hotunan baya tana duba su da kyau. Mutane cunkus, ba mai takunkumi ko ɗaya. A gefen hoton jiya kuwa ga hannun mace riƙe da cokali, da lalle har wuyan hannu. Ta san zanen nan. Lallen aurenta ne.

Nan take ta kira Usaini, abokinsa da suke ɗaki ɗaya a can.

"Usaini, don girman Allah ina mijina?"

"Maman baby, network ne..."

"Tsofaffin hotunanmu ake turo min. Kada ka yi min ƙarya."

Sai ta ji kukansa.

"Ranar Talata Allah Ya karɓi abinsa, a asibiti. Kafin a tafi da shi ya ba ni wayarsa, ya ce in dinga tura miki hoto ɗaya kullum har ki sauka lafiya. Ki yafe min."

Ta zame ta zauna a ƙasa tana salati. Cikin ya motsa.

"Na yau fa? Mai kwano biyu... yaushe aka ɗauke shi?"

"Wane na yau? Wayar tana jakata a kashe tun jiya, na kasa ci gaba."

Ƙamshin romo da lemon tsami ya cika falon, alhali ko wuta ba ta kunna ba. Ta sake buɗe hoton. A ƙarƙashinsa akwai rubutun da ba ta lura da shi ba ɗazu.

"Na shanye nawa, Hureira tawa. Ki sha naki a hankali, kada ki yi saurin biyo ni."

Ta rungume wayar a kan cikinta, sannan kukan ya zo.