Ginshiƙin da Hamish Ya Goge

Ƙarar injin goge katako na fara ji tun daga matakala. Na tura ƙofa na tarar da Hamish, wanda saura wata ɗaya a ɗaura mana aure, ya yi furu-furu da ƙura yana ta washe baki.

"Masoyiya, duba ki gani. Duka ginshiƙan huɗu na gama."

Na duba. Ginshiƙin da ke kusa da taga ya yi sumul kamar goshin jariri.

"Hamish... ina rubutun?"

"Wane rubutu?"

"Sunan Babana da na Mamata."

Ya kashe injin. Ni kuwa na zauna a kan bokitin fenti.

Gidan nan namu na unguwar Teneriffe asalinsa siton ulu ne, aka yayyanka shi gidaje. Babana Merv ya yi shekara goma sha huɗu yana ɗaure dilolin ulu a wannan benen, a nan ya haɗu da Mamata, ya sa wuƙa ya sassaƙa "Merv da Joyce 1974" a jikin ginshiƙin. Mama ta rasu, shi kuma ɓarin jikinsa ya shanye a bana. Asibiti sun ce ba zai sake zama shi kaɗai ba, ko wajenmu ko gidan tsofaffi. Mutum ne mai taurin kai na bugawa a jarida. Da ƙyar ya ce, "In Joyce na wurin, zan zo."

Saboda haka muka ta da bango a falon da ba shi da ɗaki ko ɗaya, muka faɗaɗa ƙofar banɗaki don kekensa na marasa lafiya, ginshiƙin ya kasance daidai gefen gadonsa.

"Kabad ɗin nan ya rufe wajen, ban taɓa gani ba," in ji Hamish. "Prue ce ta ce duk zanen 'yan iska ne, in goge kafin a shafa mai."

Prue yayarsa ce, mai sana'ar ƙawata gidaje. Tun farko take cewa ƙaninta mata zai aura, ba zai buɗe asibiti ba. Kuma ni da hannuna na nuna mata rubutun.

"Sau nawa na ba ka labarinsa?"

"Kin ce ginshiƙi, Tegan, ba ki ce wanne..."

"Ka tambaye ni? Prue ta ce, Prue ta ce. To ka auri Prue."

Na zare zoben na ɗora masa a kan injin na fita. Na yi kuka a mota, ba na ɓoyewa, don ina son sakaran nan kamar raina.

Kwana uku ina zuwa asibiti ina kasa faɗa wa Baba. Ran na huɗu na tarar da gadon wayam, nas ta ce surukinsa ya fita da shi.

Ban san yadda na tuƙo motar ba.

Na same su a sabon ɗakin, Baba a kekensa ya ƙura wa ginshiƙin ido, Hamish na tsaye kamar wanda aka kama da akuyar mutane.

"Shi ya zo ya faɗa mini da bakinsa," Baba ya ce, maganarsa na jan ƙafa. "Ke kuma kwana uku kina kawo mini lemo kina zancen ruwan sama."

"Baba, na ji tsoro kar ka ce ka fasa."

"Na fasa ɗin ai. Tun a mota na gaya masa. Ya ce in zo in zage shi a gaban ɓarnar."

Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya shafa katakon, ya kai hanci. Shekara da shekaru maiƙon ulu yana shiga itacen nan, gugar ta tono shi, ɗakin duk ya ɗauki warin tumaki.

Baba ya sake shaƙar warin.

"Da warin nan nake komawa gida," ya ce. "Sai Joyce ta tare ƙofa, wai in tuɓe a baranda." Ya share ido da bayan hannu. "Rubutun ma a karkace na yi shi, ta yi shekara arba'in tana mini tsiya. Kai yaro, kana da cizal?"

Hamish ya kawo ƙarfen sassaƙar, har da guduma.

"Hannu ɗaya gare ni. Kai ka riƙe, ni in buga."

Ya durƙusa ya kafa bakin cizal ɗin. Baba ya ɗaga guduma, ya auna a tsanake, ya sauke ta tim a kan babban yatsan Hamish.

"Wayyo!"

"Baba!"

"Ban kuskure ba," in ji Baba. "Yanzu na huce. Riƙe da kyau."

Hamish ya dube ni, hawaye cike da idonsa, yana ƙoƙarin dariya. "Na gaya wa Prue ta dawo da makullin gidan nan da ke hannunta. Zoben yana aljihun rigata, rabin raina... hannayena duk a cike suke."

Na tsaya ina harararsa. Sannan na zura hannu na ɗauko abina.

Sai la'asar suka gama harafin J na Joyce. Sauran haruffan sun ci mako biyu, don Baba ya ce ba zai yi aikin nan daga asibiti ba, a kawo masa kayansa. An ɗaura aurenmu ango na fama da baƙin farce, Prue ta zo ta ci kek ta kama gabanta.

Sunan ya sake fitowa a karkace. Hamish ya ce a gyara, Baba ya ce wanda ya taɓa shi ya kawo ɗayan yatsan.